Darasi: Ƙurar Paris-Dakar a Ƙasar Adar

A kwanakin farko na watan Janairun 1979, ana tsakiyar hunturu, gero ya daɗe da shiga rumbu, samarin Adar da yawa sun tafi cin rani Abijan da Legas, sai ga wasu baƙi sun sauko Tawa ta hanyar Agadas. Wasu a kan babura, wasu cikin motoci, kowa da lamba manne a jikin abin hawansa, ƙura ta yi musu buɗu-buɗu. Tsere suke yi. Sun bar birnin Paris ranar 26 ga Disamban 1978, jirgin ruwa ya ƙetare da su zuwa Aljeriya, suka ratso Tamanraset da Asamaka da Arlit, kuma birnin Dakar na ƙasar Senegal suka nufa. A Tawa aka sake danna musu agogo. Zangon ya tashi daga nan ya yi yamma, ɓangaren da Takanamat da Tebaram suke, har Talco da ke arewa da Filinge, tafiyar kilomita 230.

Karon farko ke nan na gasar Paris-Dakar. Abubuwan hawa 182 suka taso, 74 kaɗai suka ga tekun Dakar ranar 14 ga Janairu, bayan tafiyar kusan kilomita 10,000. Wani saurayi Bafaranshe mai suna Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya, a kan babur Yamaha XT 500. Daga wannan shekara zuwa 2000 ayarin ya sha ratsa Nijar, ya kuma sha kwana a Tawa. Za mu bi sawunsa, sa'an nan mu ajiye shi kusa da wani irin tseren motoci da ake yi a Amurka cikin rufaffen fili, saboda akwai bambanci guda a tsakaninsu da ya shafi mai amalanke da mace mai zuwa rijiya da yaro mai kiwo. A can, akwai katanga tsakanin mota da jama'a. A nan, hanyar kasuwa ce aka mayar filin tsere.

Madugu da ayarinsa

Madugun wannan ayari Thierry Sabine ne. A 1977 yana cikin wani tsere daga Abijan zuwa birnin Nis na Faransa, a kan babur, sai ya ɓace a hamada can wajen iyakar Nijar da Libiya, da ƙyar aka tsinto shi da rai. Wani da ya sha irin wannan wuya sai ya ce shi da Sahara har abada. Shi kuwa da ya koma gida sai ya fara tara mutanen da zai kawo su ga abin da ya gani. Amma baƙo ba ya sanin hamadar Tenere sai da ɗan gari, kuma cikin waɗanda suka yi masa jagora akwai Mano Dayak, Ba'abzine mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages, wanda filin jirgin saman Agadas yake ɗauke da sunansa a yau.

Ba a sakin ƴan tseren gaba ɗaya kamar dawakin sukuwa. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, babura a gaba, ƙananan motoci na biye, manyan motoci a ƙarshe. Kowa da nasa lokacin, da yamma a tara a ga wanda ya fi sauri, gobe a ƙara a kan na jiya, har ranar ƙarshe.

A cikin mota, kusa da direba, akwai mutum na biyu da ba ya taɓa sitiyari. Littafin hanya ne a cinyarsa. Kowane layi yana da adadin kilomita, da ɗan zane, da gajeren gargaɗi: rijiya a hagu, busasshiyar ƙorama a gaba, rami mai haɗari, a bar babbar hanya a bi ta dama. Motar na tsalle, kansa na bugun rufi, ƙurar na gaba ta rufe komai, shi kuwa dole ya karanta, ya duba kamfas, ya ɗaga murya direba ya ji. In ya tsallake layi ɗaya, sai su yi awa biyu suna bin sawun da ba nasu ba. Sai a 1992 aka fara amfani da na'urar GPS mai nuna wuri ta tauraron ɗan Adam. In kuma mota ta kafe a rairayi, babu direba babu mai karatu, duk su sauka su rage iskar tayoyi, su ɗauki shebur su tone, su cusa farantan ƙarfe ƙarƙashin taya, su tura. Duk direban da ya taɓa bin hanyar Tiliya ko ta Tasara ya san wannan aiki.

Motocin farko ma irin na kowa ne. Wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun shiga gasar 1979 da ƴar ƙaramar Renault 4, suka iso cikin na gaba-gaba, a 1982 kuma suka lashe ta da Renault 20. A wannan shekarar ce ɗan Firaministar Birtaniya, Mark Thatcher, ya ɓace kwana shida a hamadar Aljeriya cikin Peugeot 504, wato fijon nan da ta yi shekaru tana jigilar fasinja a tashoshin ƙasar Hausa. Daga baya manyan kamfanoni suka shigo da kuɗi da jirage da injiniyoyi, motocin suka koma wani abu dabam, sunan kawai suka haɗa da na kasuwa.

Da dare ayarin yakan yada zango kusa da filin jirgin sama, domin abinci da likitoci da ƴan jarida ta sama suke bin sa. Direba ya ci abinci ya shige tanti. Bakanike kuwa a lokacin ne safiyarsa take wayewa: injin wuta na ruri, fitila na rataye, shi yana kwance ƙarƙashin mota cikin sanyin Janairu, yana sauya giya da sifirin da burki, domin kafin assalatu motar ta koma sabuwa. Sunan direba jarida take bugawa, amma makanikan gareji sun san wanda ya kwana bai runtsa ba.

Shekarun Tawa

A 1983 ayarin ya tsallaka Tenere karo na farko. Guguwar rairayi ta taso, ƴan tsere wajen 40 suka ɓace, Sabine ya yi kwana huɗu yana nemansu da jirgi mai saukar ungulu har aka same su duka. Labarin ya zaga duniya, Agadas ta zama cibiyar gasar. Can ake hutun kwana ɗaya, can maƙeran azurfa da masu jagora da masu ba da hayar gidaje suke samun cinikin da ba sa samu a sauran watanni. Rabon Tawa bai kai haka ba, dare ɗaya ne: a sha mai, a sayi burodi da tsire, da safe a bar tsofaffin tayoyi da ƙura.

A Janairun 1985 ayarin ya ratsa Nijar daidai lokacin da ake cikin yunwar da mutane suka sa wa suna El Buhari. Damina ta gaza, dabbobi sun faɗi, iyakar Nijeriya a rufe. Motoci masu shan mai kamar ruwa suka wuce ta gaban mutanen da suka bar garuruwansu neman abin sa wa a baki. Cikin ƴan tseren shekarar akwai mawaƙin Faransa Daniel Balavoine, kuma abin da ya gani bai bar shi ya zauna lafiya ba. Da shekara ta zagayo ya dawo, ba don tsere ba, sai don wani shiri na kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. Ranar 14 ga Janairun 1986 jirgi mai saukar ungulu da yake ciki tare da Sabine ya faɗi kusa da Gurma-Rarus a Mali. Su biyar ne a ciki, babu wanda ya fita. Aka ƙona gawar Sabine bisa al'adar wasu Turawa, aka watsa tokar a gindin wata bishiya tilo a arewacin Tenere, wadda tun daga nan ake kiranta da sunansa. Kada a rikita ta da shahararriyar Bishiyar Tenere da ayarin gishirin Bilma yake yin alama da ita a da. Waccan tun 1973 wata babbar mota ta banke ta, a filin da babu wata bishiya ko ta ina aka duba, kuma gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai.

Gasar ba ta mutu da madugunta ba. A 1989 da 1990 an yi zango daga Agadas zuwa Tawa, washegari daga Tawa zuwa Yamai. A 1989 motoci biyu na kamfanin Peugeot ne a gaba, ɗaya a hannun Ari Vatanen ɗan Finlan, ɗaya a hannun Jacky Ickx ɗan Beljiyam. Sun yi wa kowa nisa, sai suka koma gasa da juna, kowa na ƙara wuta. Kwana kaɗan bayan sun bar Tawa, a Gao, shugaban tawagar Jean Todt ya ga in ya ƙyale su za a rasa mota ko a rasa rai. Ya ciro kwabon faran 10 ya jefa sama. Vatanen ya ci, aka umurci Ickx ya sassauta, kuma Vatanen ɗin ne ya isa Dakar a matsayin na ɗaya.

A 1991 ayarin ya bi ta arewa, daga Agadas zuwa Tiliya, maƙwabciyar Takanamat, daga nan ya shiga Mali. A can aka harbe direban wata babbar motar rakiya. Lokacin tawaye ne a ƙasashen biyu. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, gasar ta dawo a 1997 da sabuwar hanya, daga Dakar zuwa Agadas a koma Dakar. Ta shigo ta Menaka, ta kwana a Tawa, ta wuce Agadas. Kenjiro Shinozuka ɗan Japan ne ya lashe ta a Mitsubishi, kuma a wannan karon ne wata Bajamushiya, Jutta Kleinschmidt, ta zama mace ta farko da ta ci zango. Shekara huɗu bayan haka ta lashe gasar sukutum.

Filin da aka kewaye

Wanda ya taɓa shiga filin kokowa na Hamidin Maidare a Tawa ya riga ya fahimci rabin tseren Amurka. A Tawa aka fara kokowar ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tsarin a bayyane yake: da'ira a tsakiya, ƴan kokowa a ciki, alƙali na tsaye, ƴan kallo na zaune a wurinsu, kowa ya san inda iyakarsa take.

Su ma Amurkawa ba da fili suka fara ba. A garin Daytona Beach na jihar Fulorida, rabin hanyar tseren rairayin bakin teku ne, rabi kuma titin gari. Wani bakanike mai gidan mai, Bill France, ya tara direbobi da masu shirya tsere suka kafa ƙungiyar NASCAR a 1948. Sharaɗin babban rukuninsu a lokacin shi ne motar ta zama irin wadda kowa zai saya a kanti. A tserensu na farko, a Charlotte ranar 19 ga Yunin 1949, wanda ya riga kowa isowa, Glenn Dunaway, an ƙwace masa nasara saboda an taɓa sifirin bayan motarsa, aka ba Jim Roper. Da garin Daytona ya cika da gidaje da otal-otal, France ya ga tsere da jama'a ba za su ci gaba da raba titi ɗaya ba. Ya gina fili na musamman, aka buɗe shi a 1959.

Siffar filin kamar ƙwai take, zagaye ɗaya kilomita 4. A kwanoni biyu na ƙarshensa an karkata kwaltar sama kamar gefen ƙwarya, digiri 31, yadda mutum ba ya iya hawa a tsaye sai da rarrafe. Wannan karkata ce take riƙe mota ta sha kwana ba tare da ta rage gudu ba. Hagu kawai ake juyawa. Bayan kwalta akwai katanga, bisa katanga akwai dogon shingen waya, bayan shinge kuma kujeru sama da 100,000. Babban tseren wurin, Daytona 500, a watan Fabrairu ake yinsa: zagaye 200, kimanin kilomita 805, motoci wajen 40 manne da juna suna gudun kilomita 300 a awa, kowace na laɓewa bayan ta gabanta don iska ta rage mata nauyi.

A yawancin filayen ƙungiyar, hidimar ƙarshen mako ce. Manyan tireloli su iso da motoci da kayan gyara, masu bincike su auna kowace mota ciki da waje. Juma'a da Asabar a yi gwaji, ƙananan rukunoni su yi nasu tseren, a kuma auna gudun kowace mota don a san wadda za ta tsaya a sahun gaba. Lahadi ce babbar rana. Tutoci ke magana: kore a tashi, rawaya an yi haɗari kowa ya sassauta ya bi bayan motar jagora, ja a tsaya cik, fara saura zagaye ɗaya, mai dabbare-dabbaren baƙi da fari an gama. Kowane direba yana da mutum a saman rufin ƴan kallo, da madubin hangen nesa da rediyo, yana gaya masa wanda ke gefensa da abin da ke faruwa a gaba.

Abin kallo na gaske yana wurin tsayawa. Mota ta shigo, kafin ta gama tsayawa mutum biyar sun tsallako ƴar katanga. Ɗaya ya cusa jak ya danna, gefen motar ya tashi. Biyu sun durƙusa da bindigar iska a taya ta gaba da ta baya. Ɗaya na cicciɓo sababbin tayoyi, na biyar ya kafa tulun mai a kafaɗa. Su gama dama, su zaga hagu da gudu, jak ya sauka, mota ta fice. Tayoyi huɗu da mai cikin sakan goma da ɗan ɗoriya. Tun 2022 noti ɗaya ne a tsakiyar kowace taya maimakon biyar. Waɗannan mutane kullum cikin atisaye suke kamar ƴan ƙwallo, don sakan ɗaya da aka yi asara a nan yana iya mayar da na ɗaya na goma.

Katangar ba ta hana mutuwa ba, sai dai duk lokacin da jini ya zuba akan sauya doka. A 1987, a filin Talladega, Bill Elliott ya yi zagaye da gudun kilomita 342 a awa. A tseren da ya biyo baya tayar motar Bobby Allison ta fashe, motar ta tashi sama ta yage shingen da ke gaban ƴan kallo. Daga 1988 aka sa wa injunan wani faranti mai rage iskar da suke zuƙa a manyan filayen biyu na Daytona da Talladega, wato da gangan aka rage musu ƙarfi. A 1990 wata mota ta kashe mai sauya taya a Atlanta, sai aka sa iyakar gudu a layin tsayawa. Ranar 18 ga Fabrairun 2001, a zagayen ƙarshe na Daytona 500, Dale Earnhardt, zakara sau bakwai, ya daki katanga ya mutu saboda karayar gindin kai. Kafin shekarar ta ƙare an wajabta wani abin wuya da ke ɗaure hular kwano da kafaɗu, daga baya aka lulluɓe katangun da bututun ƙarfe da soso mai shanye bugu. Duk da haka a 2013 tarkacen wata mota sun ratsa shingen Daytona sun ji wa ƴan kallo fiye da 20 rauni. Amma kowane ɗaya daga cikinsu da ƙafarsa ya je, ya sayi tikiti, ya san abin da ya je kallo.

A ɗauki alli

Ga lissafin da ya kamata kowane ɗalibi ya yi da hannunsa. In ana son a san mita nawa abin hawa yake ci cikin sakan ɗaya, sai a raba gudunsa da 3.6. Ɗan kabu-kabu mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a sakan. Motar fasinja mai gudun 72 tana cin mita 20. Mai gudun 144 tana cin mita 40.

Daga lokacin da ido ya ga akuya ko yaro zuwa lokacin da ƙafa ta taka burki, direba mai natsuwa yana ɗaukar kimanin sakan ɗaya, kuma a wannan sakan motar ba ta rage komai ba. Sa'an nan burki ya fara aiki. A busasshiyar kwalta mai kyau, mai gudun 36 yana bukatar kimanin mita 7 kafin ya tsaya. Wurin da mutane suke kuskure shi ne nan: in gudu ya ninka biyu, nisan burki ninki huɗu yake yi. Mai gudun 72 yana bukatar mita 28, mai gudun 144 yana bukatar 112. A haɗa da sakan na farko, sai a sami mita 17, da 48, da 152. Na ƙarshen ya fi tsawon filin ƙwallo da rabinsa kusan. A kan jar ƙasa mai tsakuwa ko rairayi kuwa, nisan ya fi haka, ga ƙura ta tare gani. Bayan darasi ɗalibai su fita waje su auna mita 48 da ƙafa, taki sittin da wani abu ne, ɗaya ya tsaya a wancan ƙarshen, sauran su dube shi daga nan.

A waɗancan shekaru motocin Dakar a shimfiɗaɗɗen fili sukan wuce kilomita 180 a awa, wato mita 50 a sakan. A 1988 wata babbar motar kamfanin DAF ta wuntsila a Tenere tana irin wannan gudu, ɗaya daga cikin mutanenta ya mutu. Tun a gasar farko ma wani mai babur ya faɗi kusa da Agadas yana ƙoƙarin ɗaure hular kwanonsa a kan gudu, bai tashi ba. Waɗannan su suka zaɓi shiga, kuma an rubuta sunayensu a tarihin gasar.

Akwai waɗanda ba su zaɓa ba. A 1988 motar tsere ta kashe yarinya ƴar shekara 10 a garin Kita na Mali, a shekarar kuma motar masu ɗaukar hoto ta kashe wata mata da ɗiyarta a Muritaniya. Har jaridar fadar Fafaroma ta yi tir da gasar a lokacin. A 1996 babur ya kashe yarinya ƴar shekara 3 a Gini. A Janairun 2006, kwana biyu a jere, aka kashe yaro ɗan shekara 10 a Gini da ɗan shekara 12 a Senegal. Yaran ƙauye in sun ji rurin inji fitowa suke yi su gani, haka yaro yake a ko'ina. Masu shirya gasar sun zo sun sa iyakar gudun kilomita 50 a awa cikin garuruwa, suna bin diddigi da GPS suna hukunta mai laifi. Dokar ta yi kyau, amma ta makara, kuma garke da makiyayi ba a cikin gari suke wuni ba. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda aka kafa wa ƴan tseren da suka mutu alamun tunawa, yaran nan kuwa layi ɗaya suka samu a jarida.

Jean Todt ɗin nan da ya jefa kwabo a Gao, tun 2015 shi ne manzo na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kiyaye haɗurran hanya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyi kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce a kan gaba, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Lissafin mita 48 ɗin nan bai tafi tare da ƴan tsere ba. Yana nan a hanyar Tawa zuwa Abalak, da ta Tawa zuwa Tsarnawa, da kowace safiyar kasuwa da motar kaya ta ɗauko mutane a saman buhuna.

Tafiyar ayari

A Janairun 2000 gasar ta tashi daga Dakar za ta Alƙahira. Da ta iso Yamai sai hukumomin Faransa suka yi gargaɗin cewa ƴan bindiga na jiran ta a arewa. Aka soke zangunan da suka rage a Nijar, aka ɗauko manyan jiragen dakon kaya ƙirar Antonov 124, suka yi kwanaki suna kwasar motoci da babura zuwa Sabha ta Libiya. Agadas da ta yi shirin baƙi ta wayi gari babu kowa. Tun daga nan gasar ba ta sake taka ƙasar Nijar ba.

Ranar 4 ga Janairun 2008, ana gobe za a tashi daga birnin Lisbon, aka soke gasar gaba ɗaya bayan kisan wasu Faransawa huɗu kusa da Aleg a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 a Kudancin Amurka aka yi ta, a ƙasashe irin su Ajantina da Cile da Peru. Ranar 5 ga Janairun 2020 ta tashi daga Jidda, garin da alhazan Adar suke sauka, kuma a Saudiyya ake yin ta har yanzu. Sunan bai sauya ba, Dakar ake ce mata. Tambarin da ke manne a ƙofar kowace mota shi ma yana nan yadda yake: kan mutumin hamada da naɗin rawani, amawali ya rufe masa baki da hanci.